Kafin ka ɗaure kaya zuwa jihohin Kudu na ƙasar Amurka: Greenville, Chattanooga, Huntsville ko Greensboro?

Duk wanda ya yi shekaru yana zuba rabin albashinsa a kuɗin haya a Bronx ko Chicago ko kewayen Washington, ga sanyin da ke shiga ƙashi, akwai ranar da zuciya za ta raya masa ya koma Kudu. Abin da ke fara jan hankali kuwa hotuna ne: titi mai inuwar bishiyoyi, tsofaffin gine-ginen jan bulo da aka mai da shaguna, gadar ƙafa a kan kogi, yara suna wasa a fili. Ba ƙarya ba ne, waɗannan garuruwa sun farfaɗo da ƙwaryarsu bayan ta mutu murus. Sai dai ƙwaryar gari ba ita za ta biya ka albashi ba. Aikin da yawancinmu za su samu yana bayan gari, bakin babbar hanya, a masana'anta ko asibiti ko rumbun ajiyar kaya. Don haka na auna garuruwan nan da abu uku: wa ke ɗaukar ma'aikata, me zai rage a aljihu ƙarshen wata, sannan wa za ka tarar idan haihuwa ko rasuwa ta same ka.

Greenville ta jihar Karolina ta Kudu ita ce abin misali a duk inda ake zancen gyaran ƙwaryar gari. A da garin masaƙu ne, da masaƙun suka fara rufewa kuma manyan kantuna suka koma bayan gari, babban titinta ya zama kufai. Max Heller, Bayahuden da ya tsero daga Vienna a 1938, shi ya riƙe magajin gari daga 1971 zuwa 1979, kuma a zamaninsa aka yi abin da mutane da yawa suka ɗauka hauka ne: aka rage titin daga layi huɗu zuwa biyu, aka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, aka dasa bishiyoyi. Otal ɗin Hyatt ya buɗe a 1982. Abin da ya fi burge ni shi ne na 2002, lokacin magajin gari Knox White. Akwai gangaren ruwa a kan kogin Reedy a tsakiyar garin, amma wata gadar mota ta rufe shi shekara arba'in, har wasu 'yan garin ba su san da shi ba. Aka rushe gadar, aka yi lambu, aka ɗora gadar ƙafa ta Liberty a 2004. Gari ya rushe gada lafiyayya don mutane su ga ruwa, wannan ƙarfin hali ne, kuma ya biya.

Ta fuskar aiki, Greenville na kan babbar hanyar I-85 tsakanin Atlanta da Charlotte. Hedikwatar Michelin ta Arewacin Amurka tana nan. BMW ta fara ƙera motoci a kusa da Greer a 1994, kuma yau masana'antar ta fi kowace masana'antar BMW a duniya fitar da motoci. GE Vernova na ƙera manyan injinan wutar lantarki, Lockheed Martin na haɗa jirgin F-16, Prisma Health kuma na ɗaukar ma'aikatan jinya. A kewayen BMW akwai tarin kamfanoni masu yi mata kujeru da ƙarafa da robobi, kuma ta nan ne sabon zuwa ya fi samun ƙofa. Matsalar ita ce haya. Mutanen da ke cikin iyakar birnin 70,720 ne kawai a ƙidayar 2020, filin kaɗan ne, masu so da yawa. Unguwannin baƙar fata da ke jikin ƙwaryar gari, irin su Southernside inda aka buɗe lambun Unity a 2022, sun yi tsadar da tsofaffin mazaunansu da dama suka tashi, kuma wannan abu yana damuna duk lokacin da na ji ana yabon garin ba tare da an ambace shi ba. Ma'aikacin masana'anta ya nemi gida a Greer ko Taylors ko Mauldin ko Simpsonville. Gangaren ruwan nan kuwa, na ranar hutu ne.

Chattanooga ta jihar Tennessee daga wuri mafi muni ta taso. A 1969 gwamnatin tarayya ta bayyana ta a matsayin garin da iskarsa ta fi ta kowane gari ƙazanta a ƙasar, saboda hayaƙin maƙeru da duwatsun da suka kewaye ta suka tare. Gyaranta daga bakin kogi ya fara: gidan kifaye na Tennessee Aquarium a 1992, tsohuwar gadar Walnut Street da aka mai da ta masu tafiya a ƙasa a 1993, da bas mai lantarki da ke zaga ƙwaryar gari kyauta. Amma abin da ya bambanta ta da sauran shi ne intanet. Kamfanin lantarkin garin, EPB, wanda mallakar jama'a ne, ya ja wayar faiba gida-gida, kuma a 2010 ya fara sayar da intanet mai gudun gigabit ɗaya ga duk wanda ke yankinsa. Wanda ke aiki daga gida da kwamfuta, albashinsa daga wani babban birni yake zuwa, da wuya ya sami wurin da ya fi nan dacewa da shi.

Wanda ba haka ba, akwai Volkswagen da ta buɗe masana'anta a 2011. A watan Afrilun 2024 ma'aikatanta suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta UAW, abin da ba kasafai ake gani a Kudu ba. Akwai kamfanonin inshora, Unum da BlueCross BlueShield na Tennessee, akwai asibitin Erlanger, akwai kuma harkar tireloli da dillancin kaya, don manyan hanyoyi sun haɗu a nan. Direban babbar mota mai lasisi ba zai zauna banza ba. Jihar Tennessee ba ta cire haraji daga albashi, wannan shi ne abin da kowa ke ɗoki. A lura dai da abu biyu. Harajin sayayya a garin ya kai kashi 9.25 cikin ɗari, kayan abinci ma ba su tsira ba ko da yake nasu bai kai haka ba, kuma mai iyali da yawa shi ya fi jin wannan a jikinsa. Na biyu, iyakar Jojiya tana bakin garin, gidajen can kamar na Ringgold da Fort Oglethorpe sukan ja hankali, amma da zarar ka zama mazaunin Jojiya za ka biya mata harajin albashi ko da a Tennessee kake aiki. Mutanen garin 181,099 ne a 2020, Atlanta kuma tafiyar kusan awa biyu ce, ga mai son jirgin zuwa gida ko kasuwar kayan miyarmu.

Huntsville ta Alabama ita ce ta fi albashi mai tsoka, kuma ita ce ta fi saurin yaudarar baƙo. Tun 1950 da aka kawo Wernher von Braun da injiniyoyinsa na Jamus sansanin Redstone, garin ya zama na rokoki. A cibiyar Marshall ta NASA aka tsara rokar Saturn V da ta kai mutum duniyar wata. A ƙidayar 2020 tana da mutum 215,006, ta wuce Birmingham ta zama birni mafi girma a jihar. Amma mafi yawan ayyukan injiniya da kwamfuta da ake tallatawa na kamfanonin da ke yi wa soja kwangila ne, suna buƙatar takardar amincewar tsaro, ita kuma ɗan ƙasa ake ba. Mai katin zama na dindindin, komai digirinsa, zai yi ta aika takardu yana jin shiru. Idan ka riga ka karɓi fasfo ɗin Amurka kuma kai injiniya ne, to je ka, ga harajin gida na Alabama yana cikin mafi sauƙi a ƙasar. Idan ba ka karɓa ba, abin da ya rage maka shi ne masana'antar Mazda da Toyota da ta fara aiki a 2021, ko asibiti, kuma irin waɗannan akwai su a sauran garuruwan. Ƙwaryar garin ƙarama ce, garin ya bazu sosai. Yankin kuma na mahaukaciyar guguwa ne: ta ranar 27 ga Afrilun 2011 ta kashe mutum fiye da 200 a Alabama, Huntsville ta kwana da yawa babu wuta. Kafin ka kama gida ka tambayi inda ake fakewa.

Za a ce ina Asheville ta Karolina ta Arewa? Kyakkyawa ce, gine-ginenta na da sun tsira ne domin garin ya yi ta biyan bashin da ya ci kafin babban karyewar tattalin arziki na 1929 har 1976, bai sami kuɗin rushe su ba. Amma arzikinta na 'yan yawon buɗe ido ne, aikin otal da gidan abinci, ga haya mai tsada, ga ambaliyar guguwar Helene ta Satumbar 2024 da ta bar garin makonni babu ruwan sha a famfo. Ba na ba mai neman aiki shawarar ta.

Greensboro ta Karolina ta Arewa ta ɗan fi sauran girma, mutum 299,035 a 2020, kuma ƙwaryarta ba ta kai ta Greenville ƙyalli ba. Na sa ta ne saboda jama'a. Shekaru da dama ke nan 'yan Nijar suke zama a can, Hausawa da Zabarmawa, har garin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattararsu a Amurka. Sauran garuruwan uku duk suna da masallatan Juma'a, amma samun masallaci daban, samun wanda zai saukar da kai a ɗakinsa wata guda ya kuma kai ka wurin da ake ɗaukar ma'aikata daban. A titin Elm ne kantin Woolworth yake, inda ɗalibai baƙar fata huɗu na jami'ar A&T suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa farar fata ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka ƙi tashi. Ginin ya zama gidan tarihi a 2010, kuma ya kamata duk baƙar fatar da ya sauka garin ya kai 'ya'yansa. Aiki akwai: Honda na ƙera ƙananan jiragenta a filin jirgin garin, FedEx na da cibiya a nan, hedikwatar Volvo ta manyan motoci ta Arewacin Amurka tana nan, Toyota ta gina masana'antar batir a Liberty da ke kusa.

Akwai wani bambanci da ba ya fitowa a hoto, shi ne inshorar lafiya. Karolina ta Arewa ta faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati, ga manya masu ƙaramin ƙarfi daga Disambar 2023. Tennessee da Alabama da Karolina ta Kudu ba su yi ba. Wanda ya taso daga New York yana ƙarƙashin shirin zai iya wayar gari a ɗayansu babu komai. Waɗannan jihohi uku kuma ba su da dokar mafi ƙarancin albashi tasu, ta tarayya ce ke aiki, dala 7.25 a awa, wadda ba ta motsa ba tun 2009. Masana'antu suna biyan fiye da haka nesa, amma ƙananan ayyuka na kanti da shara ba su kai na Arewa ba.

Yadda ake shiga masana'anta ma a sani. Sau da yawa ba kamfanin ne zai ɗauke ka kai tsaye ba, dillalin ma'aikata ne, ka yi watanni da albashi ƙasa da na ɗan gida kafin a tabbatar da kai. Ka tambayi tsawon lokacin, da ranar da inshora za ta fara, da ko aikin dare za a ba ka, don sabon shiga shi ake tura wa. Kwalejojin shekara biyu irin su Greenville Tech da Chattanooga State suna koyar da walda da gyaran injina da jinya, Tennessee ma tana da shirin Reconnect da ke biya wa manya mazauna jihar kuɗin karatun. Masu gidajen haya kuwa sukan nemi shaidar kana samun ninki uku na hayar, su duba tarihin biyan bashinka, shi ya sa takardar ɗaukar aiki a hannu take buɗe ƙofar da magiya ba ta buɗewa. Mota dole ce a dukkansu. Wanda ya saba da jirgin ƙasan New York ya sa kuɗin mota da inshorarta da mai a lissafi tun kafin ya yi murnar arahar haya.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, mai mata da yara ƙanana da katin zama, Greensboro zan ce masa, saboda jama'a da Medicaid. Mai sana'ar hannu da ba ya tsoron zama cikin baƙi, Greenville. Mai aiki daga gida ko direba, Chattanooga. Ko wanne ya zaɓa, kada ya sa hannu a yarjejeniyar shekara daga nesa. Ya je shi kaɗai tukuna, ranar Talata ba Asabar ba, ya kwana uku, ya tashi ƙarfe biyar na asuba ya tuƙa daga gidan da yake son kamawa zuwa ƙofar masana'antar, ya duba agogo, sannan ya tsaya har Juma'a ya yi salla ya tambayi waɗanda suka riga shi zuwa nawa suke biya.