Jakar goyo mai lita 40 ko mai lita 65: wacce ta fi wa mace a ƙasar zafi?

'Yar'uwa, kin ce za ki yi wata biyu kina yawo a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama, yau kina wannan gari gobe kina wancan, kayanki duka a bayanki. Kin rasa wacce za ki saya tsakanin jakar goyo mai cin lita 40 da babba mai lita 65, kuma tsoronki shi ne kada kaya su yanke miki a hanya, musamman waɗanda mace ba ta iya rabuwa da su. Ni dai ƙaramar zan ce ki ɗauka. Amma bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani da idonki, domin akwai inda babbar ta yi mata zarra.

Mu fara da jirgi. Jaka mai lita 40 yawanci tana shiga ma'aunin kayan hannu, wato ki hau da ita ki saka a saman kujerarki. Kamfanin AirAsia, wanda masu yawo a kudu maso gabashin Asiya ke yawan hawa, ya ƙayyade kilo 7 na kayan hannu, girman jakar kuma kada ya wuce santimita 56 da 36 da 23. Sauran kamfanoni masu rahusa ba su yi nisa da wannan ba. Mai lita 65 kuwa dole a auna ta a tura ta cikin jirgi, ki biya kuɗin kaya a kowace tafiya, ki tsaya jiranta idan an sauka, in kuma ta yi ɓatan kai to ke da kayanki sai bayan kwanaki. Ita ma ƙaramar tana da nata takura: duk wani abu mai ruwa, ko man shafawa ne ko sabulun wanke gashi, ba zai wuce mililita 100 a kowace kwalba ba, kuma ba ki da damar ɗaukar wuƙa ko babban almakashi. Sannan jakar kanta tun ba a saka mata komai ba ta cinye kusan kilo ɗaya da rabi daga cikin kilo 7 ɗin.

Abin da ya fi jirgi muhimmanci shi ne bayanki. Shawarar da masu wannan harka suka saba bayarwa ita ce kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikin mai ɗauka. Mace mai kilo 60 ke nan iyakarta kilo 12, kuma wannan lissafi ne na wuri mai iska. A inda zafi ya haɗu da danshi, ki hau benen masauki hawa huɗu, ko ki tsallaka daga gaɓa zuwa kwale-kwale, ko ki hau bayan babur da kilo 12, za ki gane cewa ko shi ma ya yi yawa. Halin babbar jaka shi ne ba ta yarda a bar ta da sarari. Duk wadda ta ga wuri a jaka sai ta sami abin cusawa.

Kowacce kika zaɓa, ki nemi wadda aka ɗinka domin jikin mace. Bayanta ya fi gajarta, madaurin kafaɗa yana lanƙwasawa ya kauce wa ƙirji, madaurin ƙugu kuma an karkata shi ya zauna a kan kwankwaso. Kamfanin jakunkuna na Osprey suna da Fairview 40 ta mata, kamfanin Deuter kuma suna sa wa nasu alamar SL. Madaurin ƙugun nan shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, don haka ki gwada jakar da kaya a ciki kafin ki biya. In kin ji kafaɗunki ne ke ɗauke da komai, ba taki ba ce. Ki kuma fifita mai zif da ke buɗewa gaba ɗaya kamar akwati a kan mai baki ɗaya daga sama, wadda sai kin zazzage komai kafin ki kai ga abin da ke ƙasa.

Yanzu ga ainihin maganar, wato tufafi, domin su ne ke sa mace ta ga kamar lita 40 ba za ta ishe ta ba. Mai babbar jaka tana shirya kayan sati biyu don ta huta da wanki. Mai ƙaramar tana shirya na kwana biyar ko shida, tana wanki a kai a kai. A ƙasar danshi dabarar farko ba ta aiki. Rigar da kika yi gumi a cikinta kika cusa a leda, kafin sati ya zagayo ta yi wari, wani lokacin har da fumfuna, kuma warin yana bin masu tsabtan. Ga shi kina goye da kayan datti daga gari zuwa gari. A wuraren da matafiya ke yawan sauka ba a rasa masu wanki da ke auna kaya da kilo su dawo miki da su washegari, ƙananan kaya kuma ki wanke da kanki da dare. Igiyar shanya siririya da sabulu na dunƙule sun isa.

To wane yadi? Nan ne mutane ke rabuwa, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Auduga tana da daɗi a jiki, iska na ratsa ta, ba ta saurin wari. Aibinta shi ne tana shan ruwa ta riƙe. Idan iska ta riga ta cika da danshi, gumi ba ya bushewa da wuri, sai rigar ta manne miki a baya tun safe, in kin wanke ta da dare kuma gari ya waye tana nan da laima. Poliyesta da nailan, irin na kayan motsa jiki, suna bushewa cikin 'yan sa'o'i, ba su da nauyi, ba sa yamutsewa. Sai dai suna tara wari da sauri, masu kama jiki daga cikinsu kuma suna toshe iska su jawo ƙurajen zafi. A tsakani akwai lilin, wanda a ganina babu kamarsa wajen sanyi, in dai yamutsewa ba ta dame ki ba, da kuma rayon mai laushi wanda ba shi da ƙarfi idan ya jiƙe. Siririn ulu na merino yana iya kwana biyu uku a jiki bai yi wari ba, amma yana da tsada kuma yana saurin hujewa.

Ni yadda nake raba su: na sama, wato riguna da wando da siket, su zama sakakku marasa kauri, lilin ko siririyar auduga ko haɗin auduga da roba, domin faɗin ɗinki ya fi nau'in yadi tasiri a kan yadda za ki ji. Kamfai kuwa ya zama auduga, ko aƙalla tsakiyarsa. Zafi da gumi da matsattsen kaya na roba su ne ke kawo ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, kuma neman maganinsa a garin da ba ki jin yarensu wahala ce da za ki iya kauce wa. Ki ɗauki kamfai da yawa, kamar bakwai, ba su da nauyi. Rigar mama biyu ko uku marasa ƙarfe da soso mai kauri, domin soson yana daɗewa bai bushe ba. Kada ki manta da ɗan gajeren wando mai santsi na sawa ƙarƙashin siket. Gugar cinya a cikin gumi tana saluɓe fata, kuma tana iya hana ki tafiya kwana biyu. Jins kam ki bar shi a gida.

Dogon hannu da dogon wando sun fi gajeru amfani a can, ko da ba ki saba rufe jiki ba. Suna tare rana, suna tare sauro, kuma suna buɗe miki ƙofofi. A Angkor Wat ta Kambodiya da Babbar Fadar Bangkok ta Thailand ba a shiga sai kafaɗu da gwiwoyi a rufe, kuma a fadar ba sa karɓar a yafa gyale a kan riga mara hannu. Duk da haka babban gyale ko zani mara nauyi yana cikin abubuwan da za ki fi mora: mayafi ne a motar dare mai sanyin esi, shimfiɗa ne a bakin ruwa, labule ne a gadon ɗakin haɗaka, tawul ne in ta kama. Saboda sanyin motocin nan da jirage, riga ɗaya mai ɗan kauri ta cancanci wurinta.

Maganar sauro ta shafi zaɓin kaya kai tsaye. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da gab da faɗuwar rana, na maleriya kuma da dare. Yana iya cizo ta cikin wando mai kama jiki, kuma kaya masu duhu sun fi jawo shi. Maganin shafawa iri biyu ne suka fi shahara. DEET mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 yana aiki sosai, wanda ya haura 50 ba ya ƙara wani abin kirki, amma yana cin roba: yana ɓata gilashin ido, madaurin agogo da wasu yadudduka irin su rayon. Picaridin mai kashi 20 yana yin kusan aikin nan ba tare da ɓarnar ba, kuma ba shi da maiƙo, shi ya sa na fi son sa. Akwai kuma permethrin da ake fesa wa tufafi kawai, ba fata ba, yana jure kusan wanki 6. In za ki haɗa da man kariya daga rana, shi za ki fara shafawa, na sauro ya biyo baya. Idan zazzaɓi ya kama ki a yankin dengi, farasitamol za ki sha ki nemi asibiti, ki guji asfirin da ibuprofen saboda suna ƙara haɗarin zubar jini.

Sai abin da kika fi damuwa da shi, wato kayan al'ada. Audugar mata ana samunta kusan ko'ina, don haka babu dalilin cika jaka da ta wata biyu. Matsalarta a zafi ita ce gumi da ƙaiƙayi, ga neman inda za a yar. Tamfon, wato dunƙulen audugar da ake cusawa ciki, ya fi sauƙi wajen iyo da doguwar tafiya, amma yana wuyar samu da zarar kin bar manyan birane, kuma bai kamata ya wuce awa 8 a jiki ba. Kofin al'ada, wanda ake cusawa ya tari jinin, guda ɗaya ne tak, ba shara, kuma yawancinsu ana iya barin su har awa 12, abin da ke da daraja ƙwarai a motar da ba ta tsayawa. Sharaɗinsa shi ne hannu mai tsabta da ruwan da ya isa a sha wajen ɗauraye shi, a kuma tafasa shi na 'yan mintuna bayan kowane wata. Yana buƙatar sabo, don haka ki fara gwada shi wata biyu ko uku kafin tafiya, kada ki fara koyo a banɗakin tasha. Mai robar tazarar haihuwa a mahaifa ta tambayi likita tukuna. Ba kowace mace ce ke samun natsuwa da abin cusawa ba, kuma wannan ba laifi ba ne: fakiti ɗaya na auduga, 'yan ledoji masu zif na zubarwa, sai ki riƙa saye a hanya.

Magungunan da kike sha kullum su ne abin da za ki ɗauka cikakku har da ƙari, a kwalinsu na asali tare da takardar likita. Ki sani cewa amai ko gudawa mai tsanani na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. In likita ya rubuta miki doxycycline na rigakafin maleriya, yana sa fata saurin ƙonewa a rana, yana iya tayar da ƙaiƙayin da na ambata, mai ciki ba ta shan sa, kuma sai an ci gaba da shi sati 4 bayan barin yankin. Atovaquone-proguanil, wani maganin rigakafin maleriyar, kwana 7 ne kawai bayan fita. Mai ciki ko mai shirin ɗauka ta yi maganar cutar Zika, wadda sauro ke yaɗawa, da likita kafin ta yanki tikiti. Ki sa 'yan ƙunshin ORS, garin gishiri da sukari na gudawa. Man kariya daga rana da na hammata ma gara ki zo da naki, domin a ƙasashen Asiya da dama yawancin na kanti an haɗa su da sinadarin hasken fata.

Takalma: sandal mai madauri da kambas mara nauyi, sai silifas na wanka. Babban but yana cin wuri, in ya jiƙe kuma ya jiƙe ke nan. Rigar ruwa mai kauri tana jiƙa ki da gumi daga ciki, ƙaramar lema ta fi ta a cikin gari. Waya da fasfo su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa. Fawa bank doka ce ya kasance a kayan hannu, kuma mai 20,000mAh yana ƙasa da iyakar 100Wh da jirage suka sa. Ƙara ƙaramin kwaɗo na kabad ɗin masauki, da ɗan robar da ake tura wa ƙarƙashin ƙofa daga ciki in kina kwana ke kaɗai.

Inda babbar jaka ta ci nasara shi ne idan za ki kwana a daji da tanti da kayan girki, ko tafiyar ta haɗa da tsaunuka masu sanyi, ko kina ɗauke da kayan yaro ko manyan kayan ɗaukar hoto. Haka nan idan samun kaya daidai jikinki yana miki wuya, domin a kasuwanni da yawa na can ɗinkin ƙanana ne, doguwar mace ko mai jiki ba za ta dogara da "zan saya a hanya" ba, musamman rigar mama da takalmi. A irin wannan hali ma mai lita 50 ta wadatar. Tunda ke daga masauki zuwa masauki za ki riƙa tafiya, ki haɗa kayanki a mai lita 40 sati ɗaya kafin ranar, ki ɗora ta a sikeli, sannan ki goya ta ki yi tafiyar awa ɗaya da tsakar rana har da hawan bene. In ta haura kilo 7, fara ragewa daga takalma da kwalaben mai.