Ɗaki mai fanka ko mai iyakwandishan: abin da matafiyi zai duba kafin ya biya kuɗin otal a bazara

Cikin watan Afrilun 2024, ana saura 'yan kwanaki a yi ƙaramar sallah, wata ta'aziyya ta kai mu Sakkwato ni da kawuna, dattijo mai fama da hawan jini. Sai bayan an idar da asham muka sami masauki. Yaron da ke karɓar baƙi ya dubi kawu ya ce, "Baba, akwai mai fanka, akwai mai iyakwandishan, wanne za a ba ku?" Saboda kawu ban tsaya ciniki ba, na biya mai tsadar. Da muka shiga, ɗakin kamar cikin randa. Ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintuna sai ƙarar inji ta ɗauke ɗif. Kafin rabin awa zufa ta jiƙe matashin kai. Na tashi in buɗe taga, ashe an ɗaure ta da kusoshi don kada sanyi ya fita. Na ɗaga kai sama, babu fanka. Na dafa bango na ji shi da ɗumi kamar gefen murhu. Da na sauko ƙasa, yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, sha biyu ake kashe inji, sai dai in an kawo wuta." A tsakar otal ɗin muka ƙarasa daren, kan tabarmar mai gadi, kawu da jiƙaƙƙen tawul a wuya, har aka tashi sahur. Masu ɗakin fanka kuwa tagoginsu a buɗe, fankokinsu na juyawa da wutar sola.

Tun daga ranar na daina tambayar ko ɗaki yana da iyakwandishan. Abin da nake tambaya shi ne me zai riƙa aiki a ɗakin da ƙarfe ukun dare. Amma kafin a kai nan, sai an fara sanin garin da za a je da watan da za a je shi, domin ba ko'ina ne kuɗin sanyi ke da amfani ba.

A Sakkwato, Birnin Kebbi, Maiduguri da Yamai, zafin rana a Afrilu kan kai digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, Kano da Katsina kuma kaɗan suka rage. Sai dai matafiyi ba da rana yake kwana ba. Abin da ya kamata ya duba a hasashen yanayi shi ne ƙaramin adadin, wato na dare. A Kano daren Afrilu kan sauko wajen 24 ko 25. A Sakkwato da Yamai, musamman cikin Mayu, yakan tsaya kusan 27 ko 28, kuma wannan a waje ne, gab da asuba. Cikin ɗakin bulo da ya wuni yana shan rana ya fi haka nesa ba kusa ba, don siminti yana riƙe zafi ya yi ta amayar da shi har gari ya waye. A wannan makon da muka je Sakkwato ne ma aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ranar 3 ga Afrilu. A irin waɗannan garuruwa, daga tsakiyar Maris zuwa saukar damina sosai, ni dai ina ganin iyakwandishan ba almubazzaranci ba ne.

Jos kuwa wata duniya ce. Garin yana kan tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6. Ko a Afrilu dare kan sauko ƙasa da 20, a Agusta kuwa bargo za ka nema. Gembu da ke tsaunin Mambila ta fi Jos ɗin ma sanyi. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don na'urar sanyaya ɗaki a can ya yi asara, gara ya tambaya ko akwai ruwan zafi na wanka. Haka ma arewa baki ɗaya a Disamba da Janairu, lokacin da daren Kano ke sauka wajen 13 ko 14.

Legas, Fatakwal da Kwatano su ne ke ruɗar ɗan arewa. Zai duba waya ya ga 32 ko 33 ya ce ai wannan wasa ne, shi da ya saba da 40. Abin da bai lissafa ba shi ne laimar iska. Jiki yana huce zafi ne ta hanyar bushewar zufa. A Kano cikin Maris iska a bushe take ƙayau, kana zufa tana shanyewa. A bakin teku iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai zufar ta zauna a fata, zanin gado ya yi danshi, rigar da ka wanke ta kwana ba ta bushe ba. Iyakwandishan yana tatse wannan laimar, shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga ta bayan na'urar, kuma fanka ba ta iya wannan aikin. Mu ma a arewa mukan ɗanɗana irinsa a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, sa'ad da hadari ke haɗuwa yana watsewa ba a yi ruwa ba. Daren da ya fi hana barci a shekara yawanci a nan yake, ba a Maris ba.

To, sai zaɓin da ke gaban mutum idan ya tsaya a teburin karɓar baƙi.

Ɗaki mai fanka ya fi yadda ake raina shi, in dai yana da tagogi biyu masu fuskantar juna, da raga mai hana sauro shiga, kuma yana ƙasa. Fankar sama ba ta wuce wat 60 zuwa 75, don haka ƙaramin inbata da batir kan iya riƙe ta har safe. Wannan shi ne babban ƙarfinta: ba ta mutuwa idan an kashe inji, muddin otal ɗin yana da sola. Rauninta kuma shi ne ba ta rage zafin ɗaki ko kaɗan, iskar da ke ciki kawai take kaɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka ƙara wa jiki zafi take yi. Wanda ya taɓa kwanciya da azahar a ɗakin kwano marar silin cikin Afrilu ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Akwai kuma kula ɗin nan mai taya da ake zuba wa ruwa, wadda wasu ƙananan masaukai ke ajiyewa. Dabararta ɗaya da ta randa da tulu: ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, sanyi yana samuwa. Don haka a Maris da farkon Afrilu, a Kano ko Damagaram ko Agadas, tana aiki ƙwarai kuma ba ta cin wuta sosai. Da zarar laima ta shigo gari ta tashi aiki, sai ma ta ƙara wa ɗakin nauyi. Kada a rufe taga ruf idan ana amfani da ita.

Ɗaki mai iyakwandishan a otal ɗin da ya dogara da janareta shi ne wanda ya fi yawa, kuma shi ne ya fi buƙatar bincike. Ban ga laifin mai otal don ya tsawwala kuɗi ba. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, wato abincin fanka goma sha biyar ko fiye. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. A wannan farashin, na'urar da ta yi awa takwas ba hutawa ta ci kusan naira 2,000, fanka kuwa ba ta kai 150 ba. In da dizal ne, wanda litarsa ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, abin ya fi haka. Inda nake ganin laifi shi ne a karɓi kuɗin sanyin dare guda a ba ka na awa uku, ba tare da an faɗa maka tun farko ba, sannan a rufe ka a ɗakin da aka gina shi ba don iskar Allah ta shiga ba. Irin wannan ɗakin in wuta ta ɗauke ya fi mai fanka muni sau goma.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, tambayi ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashe shi, kuma ko injin dare yana ɗaukar iyakwandishan, don wurare da yawa suna da babban inji na yamma da ƙarami na tsakar dare wanda fitila da fanka kaɗai yake iya ja. In an ce akwai sola, tambayi me solar take ɗauka. Kada ka tsaya kan amsar mai tebur kawai. Mai gadi ko mai shara sun fi faɗin gaskiya, su ke kwana a wurin. Sannan ka ce a kai ka ɗakin, gani ya kori ji. Sa a kunna na'urar a gabanka, ka jira minti biyar, ka sa bayan hannu a bakinta. Wata tana huci ne kawai, gas ɗinta ya ƙare. Wata kuma idan wuta ba ta da ƙarfi sai ka ji tana gurnani tana tsayawa. In ka ji warin rima, matatarta ta daɗe ba a wanke ba, kuma mai asma ko mura shi zai biya kuɗin wannan sakacin da safe. Ka taɓa taga ka tabbatar tana buɗuwa. Ka ɗaga kai ka tabbatar akwai fanka.

Wurin da ɗakin yake ma yana da tasiri fiye da girman na'urar. Hawa na ƙarshe, ƙarƙashin kwano ko dakalin siminti, shi ke shan rana wuni guda. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma yana ɗaukar ranar la'asar, ita ce kuwa mai shiga bulo. Nemi na ƙasa, gefen gabas ko arewa, in da itacen darbejiya a kusa to ka dace.

Waɗanda ba zan yi musu ciniki a kan wannan ba su ne tsofaffi, jarirai, mai juna biyu, da masu ciwon zuciya, ƙoda ko suga. Zafin dare ne ke karya su, don jiki bai sami lokacin hucewa ba kafin rana ta sake fitowa. In kuɗi bai kai ba, gara a rage kwana, ko a haɗu mutum biyu a ɗaki ɗaya mai wutar da ba ta yankewa, da a kama ɗakuna biyu masu araha. Mai sikila kuma a yi masa hattara ta fuska biyu: ƙishirwa tana tayar da ciwon, sanyi mai tsanani ma haka. Matashi lafiyayye da zai kwana ɗaya a Kano cikin Maris ya kama hanya da asuba, fanka da taga da wanka kafin kwanciya sun ishe shi.

In ka sami ɗakin da ya haɗa duka biyun, kada ka danna rimot zuwa 16 kamar yadda muka saba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ajiye na'urar a 27 a kunna fanka tare da ita, jiki zai ji kamar an rage digiri 4, wutar da za a ci kuma ta ragu sosai. Ba za ka tashi da bushewar maƙogwaro ba, fitowa cikin rana da safe ba za ta buge ka ba. Da muka koma Sakkwato sadakar arba'in, cikin Mayu, ɗakin ƙasa na kama wa kawu mai taga biyu, na ja labule tun da rana, na ajiye masa gorar ruwa a gefen gado. An kashe babban inji ƙarfe ɗaya, fanka ta ci gaba da juyawa, sai kiran assalatu ne ya tashe shi.