Ganin gonakin tulip a Holan: Keukenhof, keke ko motar yawo, wanne ya cancanci kuɗinka

Duk shekara da zarar Maris ya kama sai hotunan gonakin furen tulip na Holan su cika waya, ja da rawaya da ruwan hoda layi-layi har iyakar ganinka, daga nan tambayoyi su fara, wai ina ne wurin, nawa ake shiga, wane kamfani zan bi. To abu na farko dai, ba wuri ɗaya ba ne. Akwai lambu da aka tsara domin baƙi, akwai kuma gonakin manoma na gaske waɗanda su ne a yawancin hotunan nan, kuma masu sayar da tikiti suna jin daɗin yadda mutane ke cakuɗa biyun, domin a nan cinikinsu yake.

Lambun shi ne Keukenhof, yana garin Lisse tsakanin Haarlem da Leiden. An fara buɗe shi ga jama'a a 1950, girmansa hekta 32, kuma ana dasa albasar furanni wajen miliyan 7 a cikinsa duk shekara, da hannu fa. Sati takwas kacal yake aiki, daga wajen 20 ga Maris zuwa kusan tsakiyar Mayu, sannan a rufe sai baɗi. Tikitin babba kusan yuro 20 ne, ana saya a shafinsu na intanet da rana da lokacin shiga, kuma akwai bas daga Leiden da Haarlem har bakin ƙofa. Gaskiya wurin ya haɗu, ban da ta cewa. Kuma yana da fa'ida guda da babu mai ƙwace masa, masu lambun suna dasa albasar hawa-hawa a rami ɗaya, mai saurin fitowa a sama mai jinkiri a ƙasa, ga kuma rumfunan gilashi, don haka ko yaushe ka je cikin satin takwas ɗin za ka tarar da fure. Idan da tsohuwa za ka, ko yara ƙanana, ko kwana ɗaya kawai gare ka a ƙasar, je can kawai kada ka wahalar da kanka. Amma ka sani mutum sama da miliyan ɗaya ke shiga cikin wannan ɗan lokacin, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku na rana ba ka ɗaukar hoto sai da ƙeyar wani a ciki, ka kama lokacin ƙarfe takwas na safe ko ka bari sai la'asar. Sannan gonakin da ka gani a waya babu su a ciki, sai dai ka hau injin niƙa mai aiki da iska da ke gefen lambun ka hango su daga nesa.

Ni dai zaɓina keke ne, kuma ba zan ɓoye ba. Yankin da Keukenhof yake ana ce masa Bollenstreek, ƙauyukansa su ne Lisse, Hillegom, Noordwijkerhout, Sassenheim, Voorhout, duk kusa da juna suke, ƙasar kuma shimfiɗe take ba tudu ba gangare. Ka kama masauki a Haarlem ko Leiden, Amsterdam tsada ce kawai za ta ci ka, da safe ka hau ƙaramin jirgin ƙasa mai tsayawa a Hillegom, tun daga tagar jirgin ma za ka fara ganin gonakin. Akwai masu hayar keke a garuruwan, akwai kuma a bakin ƙofar Keukenhof kanta, ba sai ka shiga lambun ba. Kuɗin hayar yini bai kai na tikitin motar yawo ko kusa ba, kallon gona kuma daga bakin hanya kyauta ne, babu mai tambayarka sisi.

Hanyoyin keken nasu daban suke da na mota, kuma a mahaɗa za ka ga ƙananan alluna masu lamba a cikin da'ira, ka rubuta lambobin da za ka bi a takarda ko a bayan hannunka, 48 sai kaza sai kaza, shikenan ba ka ɓata. Abin da mota ba za ta taɓa ba ka ba shi ne tsayawa inda ka ga dama. Ka jingine keke a bakin ɗan magudanar ruwan da ta zagaye gona, ƙasar rairayi ce fara-fara, kunya-kunya a miƙe kamar an ja da igiya, nan ja wur, gaba kaɗan fari tas, can shuni, sai ka rantse atamfa aka shimfiɗa, dama ai Holan ɗin ce. Idan farkon Afrilu ne kuma ka bi ta gefen gonar hyacinth, ƙanshi ne zai tare ka tun kafin ka ga furen, mai nauyi har ya hau kai. Tulip ita kusan ba ta da ƙanshi, kallo ce zalla. Wani lokaci za ka hangi mutum biyu uku suna tafiya a hankali cikin kunya kansu a sunkuye, ba yawo suke ba, masu ciwo suke nema a cikin shukar su cire kafin cutar ta bazu.

'Yan abubuwa kan keken. Da yawa daga kekunan Holan ba su da birki a hannu, feda ake maidowa baya, ka tambaya kafin ka karɓa, ka kuma gwada a filin ajiye motoci, kada sai ka zo bakin ruwa ka fara laluben birki. Hajiya kada abaya ta hana ki, irin keken nasu na gargajiya ba shi da ƙarfen tsakiya mai tsayi kuma an rufe sarƙarsa, ki dai tattara gefen rigar. Iska ce babbar matsala, teku na nan kusa, ana iya yin rana tarwai amma sanyi na ratsa ƙashi, ga yayyafi ba sallama, a tafi da rigar ruwa da safar hannu. Wanda gwiwa ta fara ba shi matsala ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai batir. Wanda bai iya keke ba sam, a Lisse ana ba da hayar wasu ƙananan motocin lantarki masu cin mutum biyu, sun fi tsada amma suna shiga lungunan. Ka yi guzuri daga shagunan Turkawa ko 'yan Maroko a Haarlem ko Leiden domin cikin ƙauyukan samun halal sai an sha wuya, kuma a ƙarshen Afrilu magariba sai wajen tara na dare, yini ne dogo, ba gaggawa. Bas da jirgin ƙasa da kati ake biya, ka taɓa in za ka shiga ka taɓa in za ka fita, kada ka dogara da katin naira kaɗai.

Sauran wuraren a taƙaice. Noordoostpolder a lardin Flevoland, ƙasar da aka ƙwato daga teku a 1942, gonakinta sun fi girma kuma ba cunkoso, amma hanyar kallon ta kai wajen kilomita 100, in ba ka da mota manta. Arewacin lardin Noord-Holland wajen Schagen da Julianadorp da Anna Paulowna ma haka, kyau kam akwai, nisa ne. Tukwanen tulip da ake jerawa a titunan Amsterdam a Afrilu ado ne kawai. Masu zuwa saro kaya Istanbul kuwa, in tafiyarku ta faɗo Afrilu ku leƙa lambun Emirgan, kyauta ne, kuma dama daga hannun Turkawan Usmaniyya furen ya shiga Turai kafin masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a Leiden a 1593, sai dai lambu ne shi ma, ba gona ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne na fi so a karanta da kyau.

Manomin tulip ba fure yake nomawa ba, albasar da ke ƙasa ita ce amfanin gonarsa. Don haka da furen ya buɗe ya yi kamar sati biyu, sai ya shigo da inji ya fille kawunan duka domin ƙarfin shukar ya koma cikin albasa. Gonar da ta yi ja wur ranar Talata kana iya zuwa ranar Alhamis ka tarar da kore zalla, furannin an zube su a tsakanin kunya. Ba ya sanar da kowa, gonarsa ce. A Maris furen daffodil ne, farkon Afrilu hyacinth, tulip ta gona kuwa daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa ne ta fi tabbas, shekarar da hunturu ya daɗe ta ɗan makara, shekarar ɗumi ta yi sauri. Masu motocin yawo sun fi kowa sanin wannan, amma za su sayar maka da tikitin ganin gonaki na 25 ga Maris ko 10 ga Mayu da hoton tsakiyar Afrilu a jiki, ko kunya babu. Wani kamfani ya taɓa yi mana haka, an rubuta gonakin tulip ɓaro-ɓaro a takardar, aka kwashe mu sai shagon cuku, daga nan sai wurin masu sassaƙa takalmin katako, ko'ina a ce a sauka a yi sayayya, da muka iso gonakin direba ya rage gudu ya ce a duba ta hagu, kore shar ba fure ko ɗaya, wallahi ko tsayawa bai yi ba. Da aka yi magana sai suka nuna wani ɗan rubutu a ƙasan takarda wai ya danganta da yanayi. Kafin ka biya kowa ka tambaye shi a rubuce, za a tsaya a gona ko wucewa za a yi, minti nawa, tikitin Keukenhof na ciki ko a'a, shago nawa za a shiga. Wanda ya fara kame-kame ka bar masa kayansa. Kuma in ka ga hoton injinan iska jere a bakin ruwa da tulip har gindinsu, ka yi shakka, Zaanse Schans da Kinderdijk wuraren injinan iska ne, ba yankin noman tulip ba ne, yawancin irin hotunan haɗi ne.

Shafukan sayar da tikitin Keukenhof ma sun yi yawa, wasu da suna mai kama da na asali, su ɗora nasu kuɗin a kai. Ranakun hutun Ista da ranar jerin gwanon motocin fure, wanda ke tashi daga Noordwijk zuwa Haarlem a wata Asabar cikin Afrilu, tikiti kan ƙare da wuri kuma ana rufe hanyoyi, ranar 27 ga Afrilu kuma bikin ranar Sarki ne, otal a Amsterdam sai mai ƙarfi. Duk wanda ya ce yana da ragowar tikiti a WhatsApp, a'a.

Sai maganar shiga cikin gona don hoto. Kada ka shiga. Ba ƙeta ce ta sa suka kafa alluna ba, takalmi na ɗauko cuta daga wata gona zuwa wata, kuma duk wadda aka taka albasarta ba za ta yi girma ba, dukiyar mutum ce ta shekara guda. Wata cutar ce ma, wadda ƙwari ke yaɗawa, ke sa fure ya fito da zane-zane kala biyu, wadda a zamanin haukan tulip mutane suka riƙa zuba dukiya a kai har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637, yau kuwa manomi na ganinta zai tuge. In hoto cikin fure kake so dole, akwai gonakin da aka ware don haka ana biya a shiga, kamar The Tulip Barn a Hillegom, ka tsaya a tsakiya ka yi ta juyi babu mai yi maka tsawa.

Babbar damfarar kuma ita ce tsarabar albasa. Ana haƙe albasar tulip ne a Yuni da Yuli, a dasa ta a Oktoba ko Nuwamba, to wadda ake sayar maka a cikin kwali mai kyau a watan Afrilu ta bara ce da ta rasa mai saye, ta bushe ko ta ruɓe a ciki. Ba zargi nake ba, a 2019 hukumomin Amsterdam da Lisse tare da ƙungiyar manoman albasar fure ta ƙasar suka sa aka sayo aka dasa don gwaji, na kasuwar furanni ta kan ruwa da ke Amsterdam kashi 1 cikin 100 ne kawai suka yi fure, na rumfunan bakin titi a Lisse kashi 2. In ka ga kwali da hoton tulip shuɗiya ka ajiye, babu tulip shuɗiya ta gaskiya, wadda ake kira baƙa ma shuni ce mai duhu. Masu tallar irin tulip kala bakwai a intanet su ma haka, tulip daga ƙwayar iri sai ta shekara biyar ko fiye kafin ta yi fure. Kuma ko ka dace da mai kyau, sai ta kwana cikin sanyi mai tsanani na wajen wata uku kafin ta fito, sanyin hunturun Kano ko Zinder bai isa ba, ga shi shiga da shuka wata ƙasa na buƙatar takardar lafiyar tsirrai. Ka sayo wa mutanen gida stroopwafel, wani biskit ɗin Holan mai zaƙi, su sha shayi da shi ya fi.

Na ƙarshe su ne 'yan biza na gida, masu haɗa maka tafiyar ganin fure wai har da tabbacin biza. Babu ejan da ke da wannan ikon, ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci. Kuɗin bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Holan, yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da na cibiyar karɓar takardu, ana neman inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Tunda kwanakin da suka fi tabbas ba su wuce sati biyu ba, wanda ke son ganin na Afrilu ya fara neman ranar ganawa tun Disamba ko Janairu, kuma kada ya biya kuɗin otal ko jirgin da ba a maidowa sai fasfo ya dawo hannunsa.