Gidan tarihin mayaƙan yumɓu na Xi'an ya cancanci kuɗin shigarsa

Mafi yawan masu ziyartar gidan tarihin mayaƙan yumɓu da ke kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin suna tsayawa ne a rami na farko, inda dubban mutum-mutumin sojoji suke jere, kowanne da irin fuskarsa. Wurin yana da ban sha'awa ƙwarai, amma a ganina darajar gidan tana cikin makaman tagulla da aka haƙo tare da sojojin bayan manoma masu haƙa rijiya sun gano wurin a 1974.

Duk wanda ya tsaya ya dubi kunamar bakan yaƙin daular Qin, wato abin da ake ja a saki kibiya kamar kunamar bindiga, zai fahimci yadda Sarki Qin Shi Huang, wanda aka binne mayaƙan yumɓun kusa da kabarinsa, ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. An ƙera sassanta bisa ma'auni ɗaya, kuma baka mai kunama ba ya buƙatar dogon horo, saboda haka manomi yana iya zama maharbi cikin ɗan lokaci. Wasu makaman suna ɗauke da sunayen maƙera da masu sa musu ido, domin a san wanda za a tuhuma idan aiki ya lalace. Kekunan doki biyu na tagulla da aka gano a 1980, rabin girman na gaske, suna nuna har linzami da lema.

Maziyarci ya yi sammako saboda cunkoso, kuma ya ɗauki ɗan jagora, domin bayaninsa ne yake fito da ma'anar waɗannan ƙananan kayayyaki.