In kun ga fuskata a bidiyon tumakin Dofa, kada ku tura ko sisi

Assalamu alaikum. Akwai wani gajeren bidiyo da yake yawo a Facebook da WhatsApp tun cikin hunturu. Wani mutum sanye da farin yadi yana tsaye a cikin garke, hannunsa a bayan wani rago mai baƙin kai, yana cewa, "Alhamdu lillahi, kaya sun iso lafiya. Alhaji mutum ne mai amana, duk mai so ya saya hankalinsa kwance." Ni ne mutumin nan. Garken ma na gidana ne, a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Gujungu. Na janye wannan magana gaba ɗayanta, kuma duk wanda ya tura kuɗi saboda ya ji ta daga bakina, ina roƙonsa ya yafe mini.

Malamin firamare ne ni, ina ɗan taɓa noman riɗi. Na daɗe da son in kafa ɗan garke na tumaki masu daraja, ko biyar ne, yadda in albashi ya yi jinkiri mutum yana da abin kamawa. Balami na fara sa wa rai, irin fararen nan na Borno masu lanƙwasasshen hanci da zuba-zuban kunnuwa. Sai wata rana na ci karo da wani shafi da ke tallar tumakin Dofa. Na bincika, na tarar ashe akwai irin da gaske. A Afirka ta Kudu aka samar da shi a shekarun 1930, da aka haɗa Doset mai ƙaho ta Ingila da tunkiyar Farisa mai baƙin kai. Jiki fari, kai da wuya baƙi, ƙafa gajeriya, ƙirji da cinya cike da nama, ga saurin girma. Duk abin da mai shafin ya faɗa a kan irin gaskiya ne. Da gaskiyar ya kama ni.

Tsarin nasa shi ne tumaki mata huɗu da rago ɗaya a kan naira 900,000. Ka ba da kafin alƙalami 400,000, in mota ta sauke kaya a ƙofar gidanka ka cika sauran. Ya ce matan duk 'yan shekara ɗaya ne, kowace da cikin wata uku. Sannan ya kawo maganar da ta ƙarasa ni: duk ɗan da suka haifa, in ya kai wata huɗu, shi da kansa zai saya a kan 250,000, wai akwai manyan mutane a Abuja da ke jira. Na zauna da biro a bayan rajistar aji. Cikin tunkiya wata biyar ne, ke nan saura wata biyu su haihu. 'Ya'ya huɗu kawai miliyan ɗaya, ban ma lissafa tagwaye ba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, mutumin da ke da masu saye a layi, me zai sa ya sayar mini da uwayen ya dawo yana sayen 'ya'yan?

Na nemi in je gonar in gani. Ya ce tana wajajen hanyar Zariya, amma ba a barin baƙo ya shiga saboda kada a kai musu cuta a takalmi. Wallahi wannan amsa ƙara masa kima ta yi a idona, na ce ga mutumin da ya san aikinsa. Na nemi mu yi kiran bidiyo, ya ce wajen babu sabis, amma ya turo hotuna sun fi ashirin da wata takarda mai tambari. Da ya turo lambar asusu, sunan da ya fito daban yake da wanda yake amfani da shi. Ya ce na akawunsa ne. Na tura kuɗin riɗina na shekara.

Bayan kwana shida wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta iso, ana kiraye-kirayen sallar magariba. Yanzu na gane ba haɗuwa ba ce isowar a wannan lokaci. Direban yana ta sauri, wai zai wuce Haɗeja a daren. Da fitilar waya na duba su: kawuna baƙi ƙirin, wutsiya guntaye kamar yadda na gani a hotuna, cikkuna rim. Na tura cikon 500,000 a wani asusun, shi ma da wani sunan, na ƙara wa direba 35,000 da ya ce ya kashe a shingayen hanya. Washegari da sassafe Alhajin ya kira, murya mai daɗi, ya ce, "Malam, don Allah ka ɗan yi mana bidiyo, ka san mutanenmu sai sun gani." Na shiga ɗaki na sa sabon yadina.

Kwana biyu cikkunan suka sace. Na ce gajiyar hanya ce. A kwana na biyar ɗaya daga cikin matan ta fara zazzaɓi, majina ta toshe hanci, idanu na kwantsa, baki ya yi gyambo, sai zawo. Ni kuwa tun daren farko na haɗa su da awakin maiɗakina a garke ɗaya, kwano ɗaya suke shan ruwa. Malamin dabbobi da na ɗauko a babur bai daɗe yana dubawa ba ya ce PPR ce, wata cuta mai yaɗuwa tsakanin tumaki da awaki. Ba ta da maganin da ke kashe ta, sai dai a tallafa wa dabba da allurai ko Allah zai sa ta tashi, kuma ta fi yi wa awaki mugun kamu. Ya tambaye ni ko an yi musu rigakafi, na nuna masa takardar mai tambari. Ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini. Ya ce rigakafin wannan cuta a Vom ta jihar Filato ake yin sa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma duk sabuwar dabba ware ta ake yi mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida. Tunkiyar ta mutu. Awaki uku suka bi ta, har da wadda maiɗakina ta zo da uwarta daga gidansu. Har yau ba ta ce mini komai a kan akuyar nan ba, kuma na fi son a ce ta yi faɗa.

Maganar kai kuwa 'yata ce ta gano, yarinya 'yar aji uku. Wajen mako uku da zuwansu ta shigo tana cewa, "Baba, ragonka ya yi furfura." Na fita na buɗa gashin wuyansa da yatsu. Sama baƙi, gindin gashin fari fat. Na duba sauran, duk haka. Na koma na ɗauko farin yadin da na yi bidiyo da shi, ga dabbare-dabbaren baƙi a hannun riga, wanda a da na ɗauka dattin mota ne. Dayis ne, irin wanda ake rina gashi da shi.

Kunya ta hana ni zuwa wajen Baffa tun farko, don na san abin da zai faɗa. Ƙanin mahaifina ne, ya fi shekara talatin yana dillanci a kara, Alhamis yana Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu. Da ya zo bai yi magana ba. Ya kama ragon ya matse shi tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaga leɓe, ya shafa ƙafa, ya ɗaga guntun wutsiyar ya daɗe yana kallo.

"Nawa ka biya?"

Na faɗa masa.

"Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi? Ai wannan 'Yankasa ce, irin wadda ke bayan gidan kowa. Dubi tsawon ƙafa. Dubi nan, tabon wuƙa ne, bai daɗe da warkewa ba. Wa ya ce maka ana cinikin biri a sama?"

Na ce, "Baffa, kuskure ne."

"Kuskure shi ne ka taya da tsada. Wannan kwaɗayi ne."

Sai ya zaunar da ni ya koya mini abin da ya kamata in sani kafin in taɓa kuɗina. Tunkiya haƙoranta na gaba takwas ne, duk a ƙasa, sama dasashi ne kawai. Ƙananan haƙoran nono take fara yi. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi biyun tsakiya su faɗi, manya su fito, daga nan bibbiyu suke canzawa har su cika takwas wajen shekara huɗu. Bayan nan sai su fara cinyewa suna yin giɓi. Cikin "'yan shekara ɗaya" da aka kawo mini, biyu bakinsu ya cika, ɗaya kuwa haƙoranta sun zube saura huɗu, tsohuwa ce tukuf. Cikin da na gani a daren nan, in ji shi, tsohuwar dabara ce: a ba dabba dusa da kanwa ko gishiri mai yawa, ƙishirwa ta kama ta, ta ɗirki ruwa har ciki ya ɗaure. Mai neman sanin ciki hantsa yake dubawa, ya kuma taɓa gefen dama da safe kafin a ba da abinci. Ya yi wa dukkansu kuɗi a tsaye, har da wadda ta mutu, bai kai 350,000 ba.

Abin da ya fi ba shi haushi wutsiyar ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbar da sulusin wutsiyarta ya tafi ba ta isar wa mutum layya. Ke nan ragon da zan iya turkewa in sayar da Babbar Sallah in rage asara, shi ma an kashe masa kasuwa, sai dai mahauta.

Da a kaina abin ya tsaya, da na haɗiye na yi shiru. Amma ƙanin maiɗakina ya ga tumakin a makon farko, lokacin rinin yana sheƙi, ya karɓi lambar a hannuna. Ya kwashi adashensa ya tura 400,000. Shi ko tsohuwar tunkiya bai samu ba. Direba ya kira shi wai an tare mota sai an biya 60,000 na takardar dabbobi, ya tura. Washegari wai taya ta fashe kusa da Gezawa, 45,000, ya tura. Daga nan layi ya mutu. Bayan na fara faɗa wa mutane, wasu biyu suka neme ni, ɗaya daga wajen Gumel, ɗaya daga Ɗambatta, kowanne ya ce bidiyona ne ya kwantar masa da hankali. A nan na fahimci yadda sana'ar take. Mutum ɗaya ake kai wa rinannun tumaki a yanki, a karɓi shaidarsa da fuskarsa da sunan garinsu, sauran kuma a wanke su ba tare da an yi asarar ko dayis ba. Ni ban zama abokin ciniki ba, tsutsar bakin ƙugiya aka mayar da ni.

Ban rubuta sunan da yake amfani da shi ba don ba nasa ba ne, kuma ya riga ya canza. Shafin ya sake suna sau biyu tun lokacin. A 'yan kwanakin nan tallar ta koma ta Ladum, manyan ragunan nan na Senegal, da kuma "Balami zalla", amma salon bai canza ba: ba a zuwa gona, ba a kiran bidiyo, sunan asusu daban, alkawarin sayen 'ya'ya, mota da magariba, roƙon bidiyo da safe. Ban ce duk mai tallar dabba a waya ɓarawo ne ba, akwai masu gaskiya, kuma mai gaskiya ba zai ƙi ka tsaya daga bakin shinge da rana tsaka ka ga abin da za ka saya ba. In tsoron cuta ne, ya buɗe bakin tunkiyar a gabanka kana kallo daga nesa. Wanda kuma yake son sanin yadda wani iri yake da ko zai jure zafinmu da abincinmu, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya, ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Tambaya ba ta cin kuɗin riɗi.

Mun kai ƙara, mun ba da lambobin asusun uku da rasit-rasit ɗin, ana kan bincike. Na rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa ƙarya ne, cikin minti kaɗan aka goge, aka toshe ni. Don haka in ya zo muku a wani zaure, ku taimaka ku tura wannan rubutu a ƙarƙashinsa, ku kuma kai rahoton shafin.

Tumakin da suka rage suna nan. Baƙin ya kusa ƙarewa, saura kewayen ido da baki, wanda shi dama nasu ne na haihuwa. Baffa ya ce a sayar da tsohuwar, a bar biyun, an riga an yi musu rigakafi. Alhamis mai zuwa zan bi shi Maigatari mu duba tunkiyar Uda ko Balami guda ɗaya, ya ce in zo da kuɗin a aljihu, wayar kuma in bar ta a gida.