Kwana huɗu a jirgin ruwan Nilu da yara uku: abin da kuɗinmu ya saya

Ganin likita ne ya kai Abbansu Alƙahira a hutun Disamba, mu kuma muka bi shi. Da aka sallame shi lafiya lau sai muka ga ba dalilin komawa Kano da wuri, muka biya kuɗin jirgin yawon buɗe ido da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan a kan Kogin Nilu. Yaranmu uku: babbar shekararta 11, na tsakiya 8, Auta 4. Ba wanda ya taɓa kwana a kan ruwa a cikinmu, kuma ruwa mafi girma da yaran suka taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga.

Tun farko ku sani, waɗannan jirage ba don yara aka tsara su ba. Kusan duk wanda muka tarar dattijan Turawa ne da 'yan Asiya masu kyamara a wuya, sai iyali ɗaya daga Iskandariya da 'ya'yansu biyu. Babu ɗakin wasa, babu mai raino, babu abincin yara daban. Wanda ya ga hotunan manyan jiragen teku masu lilo da silima ya cire wannan daga ransa. Namu hawa biyar ne, ɗakunansa ba su kai 70 ba, kuma ba lifta. Auta a kafaɗa yake hawa bene idan ya yi barci, nauyinsa kuwa ba wasa ba.

Daga Alƙahira zuwa Luksor jirgin sama muka hau, tafiyar kamar awa ɗaya. Akwai jirgin ƙasa mai gadaje da ke kwana a hanya, amma da yara ban yi sha'awarsa ba. Mota ta ɗauke mu zuwa bakin ruwa, a nan muka fara ganin abin da ɗan ajan bai faɗa mana ba: jiragen jerawa suke gefe da gefe, huɗu ko biyar a layi ɗaya, sai ka ratsa ta falon wasu kafin ka isa naka. Tsakanin jirgi da jirgi akwai ɗan gibi da ake tsallakawa, ruwa na ƙasa. Ma'aikata suna tsaye suna miƙa hannu, amma duk da haka ban taɓa sakin hannun Auta a wurin ba. Wannan jeren ya sa tagar ɗakinmu a daren farko tagar wani jirgin take kallo, tazarar ba ta fi taku biyu ba, ga ƙarar janareta da warin dizal. Labule a rufe muka kwana.

An tarbe mu da zoɓo mai sanyi, aka ba mu ɗaki biyu masu kallon juna, don ba sa yarda mutum biyar a ɗaki ɗaya. Ni da babbar da Auta a ɗaya, an ƙara mana ƙaramin gado. Ɗakin tsaf, banɗaki ƙarami amma akwai ruwan zafi da butar wanki ta bango, abin da ya sauƙaƙa mana tsarki da alwala. Ruwan famfo ba na sha ba ne. Kuɗin da muka biya ya haɗa da abinci sau uku, shayin la'asar, jagora da motocin zuwa wuraren tarihi. Bai haɗa da ruwan gora da lemo a teburi ba, kuma farashinsu a cikin jirgi ya ninka na gari. Abbansu ya fita ya sayo katan biyu a wani kanti, ba wanda ya hana shi shigowa da su.

Abinci na ɗebi-da-kanka ne, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, yana da yawa kuma yana da tsabta. Da safe akwai ful, wato wake da aka dafa ya yi luguf, da ta'amiyya, wato irin ƙosansu, da ƙwai, da gurasarsu. Rana da dare shinkafa, taliya, kaza, kifi, ganye iri-iri. Naman halal ne, ba sai ka yi ta tambaya ba. Matsalar ɗaya: ba yaji. Harshen Bakano zai ji komai salam. Allah ya sa na taho da yajin ƙuli a jaka, har mai kula da teburinmu ya ɗanɗana ya yi ta tari yana dariya. Auta ya ƙi komai sai taliya ba miya da ayaba. A rana ta biyu mai dafa abinci da kansa ya lura, ya riƙa soya masa dankali ba tare da na roƙa ba. Na tsakiya kuwa Ummu Ali ya gano, burodi da madara da gyaɗar waje da aka gasa, ya riƙa komawa layi har sai da na harare shi.

Tsarin yini shi ne abin da ya fi ba ni wahala. Jirgin ba ya motsawa a ranar farko. Da yamma aka kai mu Karnak, wani tsohon wurin bauta na zamanin Fir'aunoni, inda akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Yaran sun yi ta ɓuya a tsakaninsu, gumakan raguna da ke jere a ƙofa ma sun burge su. Akwai wani gunkin buzuzu da masu yawo ke zagayawa sau bakwai wai don sa'a. Abbansu ya ce ko kusa, muka wuce. A ɗakin bautar Luksor kuma masallacin Abul Hajjaj na zaune a kan ginin Fir'aunoni, an gina shi lokacin da ƙasa ta binne wurin, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama a jikin bango, ba matakala. Har yau ana salla a cikinsa. Muna tsaye aka kira magariba.

Washegari kafin ƙarfe shida an buga mana waya. Kwarin Sarakuna, inda aka binne Fir'aunoni, yana ƙetaren kogi, kuma ana son a isa kafin rana ta yi zafi, don ko a Disamba wurin ba inuwa. Tikiti ɗaya kabari uku yake ba ka. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, kuɗinsa daban ne, ga shi ƙarami, kayan zinaren da aka samu a ciki kuma suna Alƙahira. Da yara ban ga amfanin ƙarin kuɗin ba. Zanen da ke bangon sauran kaburburan ya isa, launinsa kamar ba a yi shekara dubu uku da shafa shi ba. Cikin ramin da zafi da cunkoso, Auta ya fara kuka a na biyu, na fito da shi muka zauna a rumfa. Ku tafi da katin banki, don tagogin sayar da tikiti da kati suke karɓa. Auta bai biya komai ba saboda bai kai shekara 6 ba, manyan biyun rabin kuɗi.

A nan na tsakiya ya yi wa jagora tambayar da na san za ta zo: "Wanne ne Fir'aunan Annabi Musa?" Jagoran, wani mutumin Luksor mai haƙuri, ya ce masa Fir'auna sarauta ce, sarakuna da yawa sun riƙe ta cikin kusan shekara dubu uku, kuma masana ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Yaron bai gamsu ba, ya so a nuna masa kabarin ya tsaya a kai. Wannan jagora shi ne mafi kyawun abin da kamfanin ya ba mu. Yana sauƙaƙa Larabcinsa idan yana magana da yaran, su kuma suna gwada na Islamiyya, a yi ta dariya. Abin da ban so ba shi ne tsayawar dole a shagon sassaƙa dutse a hanyar dawowa. Kusan awa guda muka ɓata ana nuna mana tulu da gumaka, yara ga yunwa ga gajiya. Kowa ya san akwai kamasho a ciki.

Da azahar jirgin ya saki igiya, daga nan ne na daina jin haushin kuɗina. Muka hau rufin jirgi, inda aka jera kujerun kwanciya ƙarƙashin rumfa. Tafiyar a hankali take, ba tangaɗi ko kaɗan, maganin amai da na sayo ko buɗe shi ban yi ba. Gaɓa biyu duk kusa, kana ganin komai. Gonakin rake da ayaba, dabino a jere, ɓauna kwance cikin ruwa da balbela a bayanta, yaro a kan jaki yana ɗaga mana hannu, masunta biyu a kwale-kwale ɗaya na dukan ruwa da sanda don koro kifi cikin koma. Bayan koren, wani wuri bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba, sai hamada da duwatsu. Babbar, wadda waya ba ta barin hannunta, ta ajiye ta da kanta. Intanet ɗin jirgin ma dai ba ya aiki sai a falo. Lokacin la'asar kiran salla ya riƙa tasowa daga ƙauyukan hagu da dama, wannan ya ƙare wancan ya ɗauka. Alƙibla tana kudu maso gabas, amma kogin na lanƙwasa, don haka sai mun duba waya kafin mu tayar, kuma kasaru muka yi ta yi.

Akwai wurin iyo a rufin, ƙarami, ruwansa kamar ƙanƙara a wannan watan. Na tsakiya ya faɗa sau ɗaya ya fito yana karkarwa. Ba mai gadi a wurin. Ƙarfen da ya kewaye rufin kuma yana da sanduna a kwance waɗanda yaro zai taka kamar tsani. Saboda haka ni da Abbansu karɓa-karɓa muka yi: ɗaya na kallon kogi, ɗaya na kallon Auta. Da dare sanyi ake yi sosai, rigunan sanyin hunturu da muka zo da su duk sun yi aiki.

Kafin mu isa garin Isna 'yan kasuwa suka zo a ƙananan kwale-kwale, suka ɗaura igiya a jikin jirginmu yana tafiya yana jan su. Sai ka ga jallabiya ko tawul a cikin leda ya faɗo rufin daga ƙasa, hawa biyar, ba kuskure. In kana so ka yi ciniki da ihu, ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu. In ba ka so ka mayar. Yaran sun kusa haukacewa don murna. Na sayi mayafin teburi da ba na buƙata don kawai su jefa kuɗin. A Isna akwai madatsa, jirgi na shiga wani ɗaki na kankare, a rufe ƙofa a bayansa, a cika ruwa har ya ɗago shi mitoci da yawa, sannan a buɗe ta gaba. Mun jira layi har bayan isha, amma na bar su suka gani, bangon na yin ƙasa muna yin sama.

Edfu da keken doki ake zuwa daga bakin ruwa. Ɗakin bautar da ke can ya fi duk sauran tsayuwa da ƙafarsa, har rufinsa na nan, an fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma dawakan ramammu ne, ana ta zabga musu bulala, mai kekenmu kuma ya tsaya a tsakiyar hanya yana neman ƙari alhali an riga an biya shi. Babbar ta yi shiru har muka dawo. Kom Ombo, wani ɗakin bautar, da magariba muka isa, jirage duk a lokaci ɗaya, mutane kamar ranar hawan salla. Tafiyar ƙafa ce kaɗan daga jirgi, kuma a gefe akwai ɗan gidan tarihi cike da gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin da ake bauta musu. Wannan ne wurin da yaran suka fi so a duk tafiyar. Auta ya tambaya ko akwai masu rai a ƙarƙashinmu. Babu, tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 suna can kudu da ita, a Tafkin Nasir.

Da dare akwai shagali a mashayar jirgin. Ana sayar da giya, dare ɗaya kuma aka kawo mai rawa. Ba wanda ya matsa mana, jadawalin na manne a falo tun safe, mun san daren da za mu tsaya a ɗaki. Daren jallabiya mun leƙa, Turawa sanye da kayan Larabawa suna wasanni, yaran suka yi dariyarsu muka fito. Mai gyaran ɗaki ma yana da nasa wasan: kullum sai ya naɗe tawul ya yi kada ko biri, ya sa masa hular Auta.

A Aswan an kai mu madatsar, wadda ba ta da abin kallo sosai ga yaro, sannan Filae, ɗakin bautar da aka kwance dutse-dutse aka sake ginawa a wani tsibiri mai tudu don kada ruwa ya cinye shi, aikin da UNESCO ta jagoranta aka gama a 1980. Da ƙaramin jirgi mai inji ake zuwa, kuma sai da na nemi rigar kariya kafin aka zaro wa Auta ɗaya daga ƙarƙashin benci. Abu Simbel, wani wurin bauta da aka sassaƙa a jikin dutse, kuɗinsa daban, kilomita kusan 280 ne daga Aswan, ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa. Abbansu da babbar suka je, suka dawo suna ta ba da labari. Ni da ƙananan muka yi barcinmu, da hantsi muka shiga kasuwa na sayi dabino da zoɓo.

Wanda ƙaramin ɗansa ya kai shekara 7 zuwa sama, ya je, zai more. Mai ɗan goye ko irin Auta ya jira, ko kuma ya shirya barin rabin wuraren, ya zauna a jirgi. Ku nemi ɗaki a hawa na uku ko na huɗu, nesa da bayan jirgi inda injin yake, kuma ku sa ɗan ajan ya rubuta muku ko tikitin shiga wurare na cikin kuɗin, don wasu kamfanonin ba sa haɗawa. Ku tanadi ƙananan kuɗin Masar masu yawa, bakshish, wato tukuici, ba ya ƙarewa: mai mota, mai keke, mai banɗaki, har mai gadin da ya nuna maka zanen da kai ma kana gani. Na ma'aikatan jirgi a ambulan ake sawa a daren ƙarshe, na jagora daban. Ranar fita ƙarfe takwas na safe ake karɓar makulli, jirginmu na sama kuma sai dare, amma sun yarda muka bar jakunkuna a wurin karɓar baƙi har yamma.