Lesin ɗin lissafi a Samaru: abin da na gani a littafin 'yata

Iyaye da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu a lesin ɗin yamma da na sa 'yata a Samaru. Ta biya, musamman a lissafin kaso, wanda ke wahalar da 'yan aji 5 kafin jarrabawar shiga sakandare da hukumar jarrabawa ta NECO ke shiryawa.

Inda yarinyar ke cijewa shi ne mayar da lamba irin 2¾ ta koma sama da ƙasa zalla. A makaranta ƙa'ida aka ba su suka haddace: ninka cikakkiyar lambar da ta ƙasa, ka ƙara ta sama. Da yake hadda ce kawai, in ta rikice sai ta tara 2 da 3 ta rubuta 5/4.

Malamar lesin, wadda ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya, ba da ƙa'ida ta fara ba. Lemo ta sa aka kawo, aka yanka kowanne gida huɗu. Lemo 2 suka ba da yanka 8, ga wasu 3 a gefe, 11 ke nan, kuma kowane yanka rubu'i ne. Aka rubuta 11/4. A nan yarinyar ta gane da kanta dalilin da lambar ƙasa ba ta canzawa: girman yankan yana nan yadda yake, yawansa ne ake ƙirgawa. Wallahi na ji daɗin wannan ƙwarai, don yanzu ko ta manta ƙa'idar za ta iya ƙaƙalo ta.

Malamar ta kuma nuna wa yaran amfanin abin. In aka ce a ninka 2¾ da 1⅓, sai sun koma 11/4 da 4/3 aikin ke sauƙi, a samu 44/12, a rage shi zuwa 11/3, wato 3⅔. Komowa baya ma rabawa ce kawai: 17/5, akwai 5 sau 3 a cikin 17, saura 2, ya zama 3⅖.

Abin da bai gamshe ni ba, ranar Asabar yara sun yi yawa, ba ta iya bin littafin kowa. Kuma ba ta matsa musu kan haddar jadawalin sau, alhali yaron da bai san 7 sau 8 ba zai faɗi a 7⅝ ko da ya fahimci hanyar. Wannan a gida muke yi da ita bayan Magariba. Mai niyyar kai ɗansa ya nemi ranakun tsakiyar mako.